Me Ya Sa Ƙarfi Ke Yankewa Bayan Kilomita 30? Tambayoyi da Amsoshi Kan Jure Gajiya a Gudun Dogon Zango

Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195. Kusan duk wanda ya yi shiri yana cinye rabin farko cikin walwala, har yana ɗaga wa 'yan kallo hannu. Inda ake rarrabewa shi ne bayan jiki ya yi awa biyu yana aiki, ƙafa ta yi nauyi, numfashi ya koma sama-sama. A nan ne za ka ga mutum biyu da suke atisaye tare, waɗanda ba sa barin juna a tseren kilomita 10, amma ɗaya ya ba ɗaya ratar minti 20. Tambayoyin da ke ƙasa duk a kan wannan rata suke.

Me ake nufi da jure gajiya, tunda duk mai gudun dogon zango ai yana da juriya?

Shekara da shekaru masana motsa jiki suna auna ɗan tsere da abubuwa uku. Na farko, yawan iskar oksijin da jikinsa zai iya ja ya yi aiki da ita cikin minti ɗaya idan ya ƙure ƙarfinsa, wanda ake rubutawa VO2max. Na biyu, kaso nawa na wannan ƙarfi zai iya riƙewa tsawon lokaci kafin sinadarin laktet, wanda tsoka ke fitarwa idan aiki ya yi tsanani, ya fara taruwa a jininsa. Na uku shi ne tsimin jiki, wato oksijin nawa yake ci kafin ya gama kilomita ɗaya. A 1991 wani likita Ba'amurke, Michael Joyner, ya haɗa ukun nan ya yi lissafi, ya ce in da za a sami mutumin da ya kai ƙololuwa a dukkansu, zai iya gama fanfalaki a awa 1 da minti 57 da daƙiƙa 58.

Sai dai duk ukun ana auna su ne mutum ya huta, ya ci ya ƙoshi, ya hau na'urar gudu na 'yan mintuna a ɗaki mai sanyi. Ba wanda ke isa kilomita 32 da wannan jikin. Abubuwan nan suna zaizayewa yayin da gudu ke tsawo, kuma zaizayewar ba iri ɗaya ba ce ga kowa. Jure gajiya shi ne amsar tambaya biyu: yaushe zaizayewar ke farawa, kuma nawa take ci? Kamar tulu biyu ne girmansu ɗaya aka cika a rafi, ɗaya yana yoyo. A bakin rafi ba ka ganin bambanci, sai an zo juyewa a randa.

Daga baya ne masu bincike suka fara ware wannan abu suna auna shi shi kaɗai, kuma a 2023 Farfesa Andrew Jones na Jami'ar Exeter da ke Ingila ya kira shi ma'auni na huɗu.

Akwai shaidar cewa abu ne daban, ba rashin isasshen atisaye kawai ba?

Akwai. A watan Mayun 2017 kamfanin Nike ya shirya yunƙurin gama fanfalaki ƙasa da awa biyu, a filin tseren motoci na Monza da ke Italiya. Kafin nan an gwada zaratan 'yan tsere 16, kuma Jones na cikin masu gwajin. Matsakaicin VO2max ɗinsu ya tsaya wajen 71, lambar da ake samu a jikin 'yan tsere da yawa waɗanda duniya ba ta taɓa jin sunansu ba. Mutum uku aka tsayar ranar gudun: Eliud Kipchoge na Kenya, Lelisa Desisa na Habasha, da Zersenay Tadese na Iritiriya.

Tadese ne ya fi ɗaukar hankali. A lokacin shi ke riƙe da tarihin duniya na rabin fanfalaki, minti 58 da daƙiƙa 23, kuma tsimin jikinsa yana cikin mafi kyawu da aka taɓa aunawa. A takarda babu abin da ya rasa. Ranar gudun hanya ɗaya suka bi, yanayi ɗaya, masu ja musu gaba su ma iri ɗaya. Kipchoge ya gama a awa 2 da daƙiƙa 25, Tadese a awa 2 da minti 6 da daƙiƙa 51, Desisa a awa 2 da minti 14 da daƙiƙa 10. Kowa na iya tashi da rashin sa'a a rana guda, amma Tadese duk tsawon rayuwarsa ta tsere bai taɓa yin abin da ya yi a rabin fanfalaki a cikakkensa ba.

A ɗakin gwaji ma an gani. Masu bincike a Exeter sun auna iyakar ƙarfin da masu tuƙa keke ke iya riƙewa suna garau, sannan suka sake aunawa bayan sun yi awa biyu suna tuƙi mai nauyi. A matsakaici ƙarfin ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Amma a cikinsu akwai wanda kusan bai ragu ba, akwai kuma wanda ya rasa kusan kashi 30. Wannan tazara ta fi ƙarfin a ce sa'a ce.

Me ke faruwa a cikin jiki har ƙarfin ke zaizayewa?

Abubuwa da yawa ne ke haɗuwa, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi.

Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta a matsayin gilaikojin, kamar giram 400 zuwa 500 a tsoka da wajen giram 100 a hanta, jimilla kusan kalori 2,000. Mai gudu yana ƙona kimanin kalori ɗaya a kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Ke nan mutum mai kilo 65 yana bukatar kusan kalori 2,700 kafin ya gama fanfalaki. Ajiyar ba za ta kai ba, dole kitse ya cike gibin. Kitse kuwa yana da yawa ko a jikin siririn mutum, amma a hankali yake ƙonewa, kuma ya fi sukari cin oksijin. Yayin da gilaikojin ke raguwa, gudun da ɗazu yake da sauƙi sai ya fara tsada.

Sannan zaren tsoka iri-iri ne. Akwai masu aiki a hankali ba sa saurin gajiya, su ke ɗaukar nauyin farkon gudu. In sun fara ƙarewa sai jiki ya kira masu sauri su taimaka, su kuma ba su iya tsimi ba.

Ga kuma dukan ƙasa. Duk taku ɗaya yana saukar wa ƙafa nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, kuma mafi yawan mutane suna taku sama da 30,000 a fanfalaki. Tsokar gaban cinya ce ke yin birki a kowace sauka, tana miƙewa tana riƙe nauyi a lokaci guda, kuma irin wannan aiki yana yi mata 'yan ƙananan yage-yage. Shi ya sa washegarin tsere za ka ga mutum yana sauka daga bene da baya-baya, yana riƙe da bango. Hanyar da ke da gangara a farko ta fi yin wannan ɓarna. Tseren Boston haka yake: ana ta gangarawa a kilomitocin farko, sannan tuddai su tare mutum wajen kilomita 26 zuwa 33, lokacin da cinya ta riga ta mutu.

Na ƙarshe shi ne zafi da zufa. Jini yana da aiki biyu, kai oksijin ga tsoka da kai zafi ga fata. Zufa tana rage ruwan jinin, sai abin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya ya ragu, dole ta ƙara yawan bugu don ta cike. Gudu bai ƙaru ba, amma bugun zuciya yana ta hawa.

In ka tsaya a bakin hanya wajen kilomita 35 za ka ga sakamakon da idonka. Kafaɗu sun ɗage zuwa kunne, haɓa ta yi sama, taku ya gajarta, tafin ƙafa yana faɗuwa ƙasa da ƙara maimakon ya taɓa ya tashi. Wani ma yakan wuce teburin ruwa bai miƙa hannu ba, don ko wannan ɗan motsin ya yi masa yawa.

Yaya jure gajiya yake idan ya kai matuƙa?

Marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ne misalin da ya fi fitowa fili. Fanfalaki uku kacal ya yi a rayuwarsa, kuma a duk ukun rabi na biyu ya fi na farko sauri. A Landan a 2023 ya gudu rabi na biyu a minti 59 da daƙiƙa 45. A Shikago ranar 8 ga Oktoban wannan shekara ya yi rabin farko a minti 60 da daƙiƙa 48, na biyu a minti 59 da daƙiƙa 47, ya kafa tarihin duniya da awa 2 da daƙiƙa 35. Tsakanin kilomita 30 da 35, daidai wurin da ƙarfin mutane ke yankewa, minti 13 da daƙiƙa 51 ya ɗauka. Kocinsa, Gervais Hakizimana, ya ce yakan gudu kilomita 250 zuwa 280 a mako, wani lokaci ma fiye. Su biyun sun rasu a haɗarin mota a Fabrairun 2024, Kiptum yana da shekara 24.

Ko Kipchoge, lokacin da ya yi awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Balin a 2022, ya ɗan ja baya: rabin farko minti 59 da daƙiƙa 51, na biyu minti 61 da daƙiƙa 18. Ratar ba ta kai minti ɗaya da rabi ba, alhali ga yawancin masu gudu ratar minti 15 ko 20 ce.

Mu da ba zakaru ba fa, abin ya shafe mu?

Mu ya fi shafa, domin mun fi daɗewa a kan hanya. A 2022 an buga wani bincike da ya duba bayanan agogon gudu na mutum 82,303 da suka yi fanfalaki don sha'awa. An nemi wurin da bugun zuciya da saurin gudu ke rabuwa, wato zuciya na hawa amma gudu bai ƙaru ba ko ma yana raguwa. A matsakaici rabuwar tana farawa wajen kilomita 25. Ga waɗanda suka fi juriya sai wajen kilomita 33, ga masu rauni kuwa tun wajen kilomita 19, ba a ma kai rabi ba. Waɗanda rabuwarsu ta yi jinkiri su ne suka gama da wuri.

Ta yaya zan gane matsayin tawa juriyar ba tare da ɗakin gwaji ba?

Hanya mafi sauƙi ita ce agogo mai auna bugun zuciya. Ka sami hanya shimfiɗaɗɗiya, da sassafe, ka yi gudun minti 90 zuwa awa biyu a sauri ɗaya. Ka rubuta bugun zuciyarka a minti na 20, ka sake rubutawa kusa da ƙarshe. A ce kana cin kilomita a minti 6, bugun ya tashi daga 145 zuwa 150. Wannan ƙarin kashi 3 ne da ɗoriya, jiki yana riƙe. In kuwa ya kai 162, ƙarin ya haura kashi 11, alamar cewa wannan saurin ba zai kai ka ƙarshen fanfalaki ba. Masu horarwa da yawa suna ɗaukar ƙasa da kashi 5 a matsayin mai kyau. Ka riƙa maimaita gwajin a hanya ɗaya da yanayi iri ɗaya, don gwajin da aka yi a sanyin hunturu ba a kwatanta shi da na bazara.

Wanda ya taɓa yin rabin fanfalaki da cikakke yana da wata hanyar. Akwai wani tsohon lissafi na injiniya Ba'amurke Peter Riegel da ke hasashen lokacin dogon tsere daga na gajere. Bisa shi, wanda ya yi rabi a awa 1 da minti 45 ya kamata ya gama cikakke wajen awa 3 da minti 39. In awa 4 da minti 10 ya yi, to wannan rabin awar da ta ɓata ita ce aikin da ke gabansa, kuma ƙara gudun sauri a fili ba zai dawo da ita ba.

Wane irin atisaye ne ke gina ta?

Abin da ya fi komai shi ne tarin gudu mai sauƙi, mako bayan mako, shekara bayan shekara. Wani bincike da ya duba atisayen masu fanfalaki sama da dubu 100 ya nuna cewa mafiya sauri suna gudun da ya ninka na marasa sauri kusan sau uku a mako, kuma kusan duk ƙarin gudu ne mai sauƙi, irin wanda mutum zai iya hira a cikinsa. A ganina a nan yawancin matasa ke kuskure. Kullum aka fita sai a mai da atisaye gasa, kowa na son ya nuna wa abokinsa, a yi minti 40 a galabaita a koma gida. Irin wannan yana ƙara sauri a gajeren zango, amma ba ya koya wa jiki komai game da awa ta uku.

Sai dogon gudu sau ɗaya a mako ko a kwana goma. A sansanin Kaptagat da ke Kenya, inda Kipchoge ke atisaye a ƙarƙashin kocinsa Patrick Sang a tudu mai tsayin kusan mita 2,400, suna yin kilomita 30 zuwa 40 a hanyoyin ƙasa masu hawa da sauka, su fara a hankali su ƙarasa da ƙarfi. Tsarin shi ne abin koyi, nisan kuwa kowa da nasa. Wanda ya saba da gudun awa biyu zai iya, sau ɗaya a mako biyu ko uku, ya yi minti 20 zuwa 30 na ƙarshe a saurin da yake son yin tsere. Wannan yanki na ƙarshe shi ne ke horar da gajiyayyar ƙafa. Ba a yin sa kowane mako, domin jiki yana bukatar kwanaki kafin ya farfaɗo.

Gudun gangara kaɗan-kaɗan ma yana da amfani: tsokar da ta taɓa shan irin wannan duka takan yi makonni tana da kariya daga na gaba.

Ana ƙara nisa ne sannu a hankali, a riƙa sassautawa duk mako na uku ko na huɗu. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, amma ƙashi da jijiyoyi sai sun ɗauki watanni, kuma su ne ke fara lalacewa in aka yi gaggawa.

Ɗaga ƙarfe ba zai sa in yi nauyi ba?

Ba zai sa ba, in dai kana gudu sosai. A Jami'ar Loughborough da ke Ingila an sa ƙwararrun masu gudu suka ƙara ɗaga nauyi da tsalle-tsalle sau biyu a mako har mako 10. Bayan haka tsimin jikinsu ya fi riƙewa a ƙarshen gudun minti 90, kuma da aka sa su gudu mai tsanani a gajiye, sun daɗe fiye da da da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsuguno da nauyi, hawa benci da ƙafa ɗaya, ɗaga dunduniya: kaɗan-kaɗan amma da nauyi na gaske, a kuma koya daga wanda ya iya.

Shin dole ne in ci wani abu ina cikin gudu?

In gudun zai wuce minti 90, i. Tun 1967 masu bincike a Suwidin suka nuna girman abin: mutanen da suka yi kwanaki suna cin abinci marar sitaci sun gaji a kan keke a minti 57, da suka ci abinci gauraye sun kai minti 114, da suka ci mai yawan sitaci kuwa minti 167. A binciken Exeter da aka ambata a sama ma, shan giram 60 na sukari a kowace awa ya hana ƙarfin faɗuwa kamar yadda ya faɗi ba tare da shi ba.

Abin da ake ba da shawara shi ne giram 30 zuwa 60 a awa, har zuwa 90 ga wanda zai daɗe ƙwarai kuma cikinsa ya saba. Ba sai an sayi 'yan fakitin da ake shigowa da su daga waje ba. Ayaba matsakaiciya tana da wajen giram 25, cokalin zuma wajen 17, ƙwayar dabino matsakaiciya 5 zuwa 6. Cokalin cin abinci biyar na sukari a lita ɗaya ta ruwa, da ɗan gishiri, ya ba ka kusan giram 60. A fara tun minti 30 na farko. Wanda ya jira sai ya ji jiri ya makara.

Ciki ma horar da shi ake yi. Duk abin da za ka ci ranar tsere, ka gwada shi sau da yawa a dogon gudun atisaye, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin tseren a ƙara shinkafa, tuwo, taliya, dankali da burodi, a rage mai da wake da ganye mai yawa.

Zafin ƙasarmu fa?

Yana gaggauta komai. Mafi kyawun lokutan fanfalaki ana yin su ne a sanyin digiri 10 ko kusa da haka. A gasar duniya ta 2019 a Doha, duk da cewa da tsakar dare aka fara tseren mata, zafin ya haura digiri 30 ga kuma gumi, mata 28 cikin 68 suka kasa gamawa. Waɗannan kuwa zaɓaɓɓun ƙasashensu ne. Bayan wannan ne aka ɗauke fanfalakin gasar Olamfik ta Tokyo aka kai shi Sapporo a arewacin Japan.

Wanda ke atisaye a Kano ko Maraɗi ya saba da busasshen zafi, inda zufa ke bushewa ta sanyaya fata. In ya je tseren Legas na watan Fabrairu zai tarar da iska mai ɗauke da ruwa, zufa na zuba amma ba ta bushewa, don haka ba ta sanyaya shi yadda ya saba. Jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da sabon zafi. In ba a sami wannan dama ba, a rage sauri tun daga kilomita ta farko, a riƙa zuba ruwa a kai da wuya. A watannin Maris zuwa Mayu kuwa, dogon gudu ya kamata a gama shi kafin hantsi.

To in yi ta shan ruwa ke nan?

A'a, da iyaka. Rasa ruwan da ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki yana rage ƙwazo, musamman a zafi, amma shan da ya wuce kima yana tsinka gishirin jini, kuma yana iya kisa. A tseren Boston na 2002 an gwada jinin mutum 488 da suka gama, kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa. Ka hau sikeli kafin dogon gudu da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce. In nauyinka ƙaruwa ya yi, ka sha fiye da kima.

Gudu da azumi a baki ba zai ƙara min juriya ba?

Gudu mai sauƙi da ciki wayam yana ƙara wa jiki iya ƙona kitse, amma bincike bai nuna a fili cewa hakan yana sa a gama tsere da wuri ba. Dogon gudu da rana a Ramadan, ba ruwa ba sukari, haɗarinsa ya fi amfaninsa nesa. Abin da ya fi dacewa shi ne ɗan gudu mai sauƙi na minti 30 zuwa 40 dab da shan ruwa, mai nauyin kuma a bar shi sai bayan tarawihi. Wata guda na riƙe abin da ake da shi ba asara ba ce.

Gaskiya ne mata sun fi maza jure gajiya?

A fanfalaki sun fi riƙe saurinsu. Wani bincike da ya duba tsere 14 a Amurka ya gano maza suna rage gudu a rabi na biyu da kashi 15.6 cikin 100, mata da kashi 11.7. Binciken mutum 82,303 ɗin nan ma ya nuna rabuwar bugun zuciya da gudu ta fi ƙanƙanta a mata. Jikin mace ya fi dogara da kitse a irin wannan aiki, sannan maza sun fi fita da gudun da ya fi ƙarfinsu. Abin da mace za ta kula da shi shi ne ƙarancin jini: in kin ga gajiya ta zo miki ba dalili, kina haki a gudun da kika saba, ki je a gwada jininki kafin ki ƙara atisaye.

Ina rawar da tunani ke takawa?

Yana da rawa babba. A 2009 wani mai bincike, Samuele Marcora, da abokan aikinsa sun sa mutane aikin kwamfuta mai gajiyar da ƙwaƙwalwa na minti 90, sannan suka hau keke. Sun daina da wuri da kusan kashi 15 cikin 100, alhali bugun zuciyarsu da sauran ma'aunan jiki ba su nuna bambanci ba. Aikin ne kawai suka ji ya fi nauyi. Saboda haka barci da kwanciyar hankali a makon tsere suna cikin shiri. Amma kada a mai da wannan hujjar zargin wanda ya gaza da ragwanci. Tsokar da ba gilaikojin a cikinta ba ta jin lallashi.

Sababbin takalman nan masu kauri suna taimakawa?

Suna taimakawa. Gwajin da aka yi wa takalmin Vaporfly na Nike a 2017 ya nuna ragin kusan kashi 4 cikin 100 na ƙarfin da ake kashewa, kuma masu sa irinsu da yawa suna cewa ƙafa ba ta mutuwa da wuri. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin tafinsu a milimita 40 tun 2020. Suna da tsada, ba sa kuma daɗewa. Mai kuɗi kaɗan gara ya sayi takalmin atisaye mai kyau wanda ya yi masa daidai.

Akwai maganin da ke kashe gajiya?

Wanda aka tabbatar yana taimakawa kuma ba a hana shi ba shi ne kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro. Miligiram 3 a kowane kilo na nauyin jiki ya isa ya rage jin nauyin gudu, kuma shi ma a gwada shi a atisaye tukuna.

Tramol kuwa a nisance shi. Ba ya ƙara wa tsoka komai, jin zafin kawai yake toshewa, sai mutum ya ci gaba da ɓarnar da jiki ke gargaɗinsa a kai. Yana kama mutum, yana iya jawo farfaɗiya, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ma ba a shan su kafin dogon gudu ko a cikinsa, domin ƙoda tana cikin matsi a lokacin, su kuma suna ƙara mata.

Yaushe gajiya ke zama alamar in tsaya?

Nauyin ƙafa, haki da ƙosawa duk gajiya ce ta yau da kullum, ana rage gudu a ci gaba. Amma ciwon ƙirji, jiri, ruɗewa, tangaɗi, amai da ba ya tsayawa, jin sanyi da tsigar jiki na tashi cikin rana, ko ciwo mai tsini a wuri ɗaya a ƙashi, duk na tsayawa ne nan take. In ka ga ɗan tsere ya faɗi jikinsa ya yi zafi rau yana sambatu, a fara sanyaya shi a wurin da ruwan sanyi ko ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, ana yi ana neman motar asibiti. Fitsarin da ya yi baƙi-baƙi bayan gudu alama ce ta narkewar tsoka, shi ma na asibiti ne a ranar.

Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ko wani zazzaɓi ya dakata har sai ƙarfinsa ya dawo, ya kuma fara da gudu mai sauƙi. Masu rukunin jini AS, waɗanda suna da yawa a cikinmu, suna iya gudu har su yi fice, amma haɗarin faɗuwa ya fi yawa gare su idan aka haɗa matsanancin gudu da zafi da ƙishirwa. Ya kamata su san rukuninsu, su sanar da mai horar da su, kuma in ƙafa ta saki ko baya ya riƙe ba zato, su tsaya a duba su.